Ranar da Jinin Na-Sama Ya Sauka

Na-Sama ake ce masa, Allah ya jiƙansa da rahama, domin duk wanda ya zo nemansa sai ya ɗaga kai kafin ya gan shi. Mai fenti ne. Rabin rayuwarsa a kan tsani ya yi ta, buroshi a hannu, bokiti a rataye, yana tsokanar masu wucewa. Ƙa'idarsa a aiki guda ce: ba ya saukowa sai bango ya ƙare. In ka ga ƙafarsa a ƙasa, to aiki ya kammala, sai ɗauke tsani.

Wata rana jiri ya ɗebe shi yana sama, ya ƙanƙame tsani har abin ya lafa. Ya ba matarsa labari yana dariya. Ita ko murmushi ba ta yi ba, washegari ta tasa shi gaba sai asibiti. Likita ya ce hawan jini ne, kuma kitse ya yi masa yawa a jini. Ya rubuta masa ƙwayoyi, ya ce a rage gishiri da soye-soye da nama mai kitse, a yawaita ganye da wake da kifi, a riƙa tafiya a ƙafa kullum.

"Kin ji, uwar yara," in ji shi a hanyar gida, "jinin ma sana'ata ya koya. Hawa yake yi."

"Ci gaba da wasa. Ni dai ban shirya riƙon yaran nan ni kaɗai ba."

Maganar ta shige shi sosai. Da hannunsa ya ɗora gwangwanin gishiri a saman kabad. Ranar farko ya ɗanɗana miya, ya dubi kwanon.

"Wannan miyar rasuwa aka yi mata?"

"Ci, baban yara, ko in ƙara mata ruwa."

Ya cinye tas. Ya jingine babur, ya koma zuwa aiki a ƙafa da tsani a kafaɗa. Ya kuma ƙara da tauna tafarnuwa, wadda ba likita ne ya sa shi ba. Amininsa mai walda, in ya hango shi, sai ya ɗaga gilashin fuska ya ce, "Yi sallamar daga can, tafarnuwarka ta fi wutata ƙarfi."

Tumbi ya sace, har sai da ya ƙara huda a bel. Numfashi ya daina yi masa nauyi. Da ya koma gwaji, ma'aikaciyar jinya ta kwance masa na'ura daga damtse ta ce, "Madalla, jininka ya sauka."

Kalmar nan ita ta cuce shi. Yana isa gida ya zuba ƙwayoyin a akwatin tsofaffin buroshi.

"Likita ya ce kada ka daina sha," in ji matar.

"Lokacin jinin yana sama ne ya faɗi haka. Yanzu ya sauka. Kin taɓa ganin na sauko ana ci gaba da riƙe min tsani?"

"Jini ba bango ba ne."

"Ga wake, ga tafiya, ga miyarki. Su suka sauko da shi, su za su tsare shi."

Ba ganganci ya yi ba, bawan Allah. Bai taɓa gishiri ba, bai fasa tafiya ba ko ana ruwa. Matar ta yi magiya, mai walda ya yi faɗa, shi kuwa yana jin jikinsa sakayau kamar na saurayi. Ciwon ba ya sallama in zai koma sama.

Wata safiya yana durƙushe yana dama fenti a tsakar gidan da yake wa aiki, sandar da yake damawa da ita ta suɓuce daga hannunsa, bakinsa ya karkace. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ya yi 'yan kwanaki a gado. Matar ta daka ƙwaya a cokali da ruwa, ta kai bakinsa. Da harshe mai nauyi ya ce, "Ki yafe min. Na ɗauka ciwon ya tafi ne."

"Haɗiye dai," ta ce, tana goge masa haɓa da gefen mayafinta.

Bai tashi ba.

Har yau maƙwabta da suka ga yadda ya koma garau suna zuwa tambayarta sirrin. Ba ta ɓoye komai. Takan faɗa musu yadda take girki, da irin tafiyar da yake yi. Sannan ta ce, "Duk ku yi, suna aiki, da idona na gani. Amma ƙwayar, kada ku ajiye sai wanda ya ba ku ya ce."

Ita ma yanzu ba ta fashin zuwa gwaji, domin yaran ba su da kowa sai ita.