Yaya Bello, Mai Tarbar Baƙi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shanyar zannuwan gado ƙanen Yaya Bello ya kira ni daga garinsu Tsibiri, ya ce Yaya ya cika.



Ga wanda bai san shi ba, shi ne mai tarbar baƙi a gidan saukar baƙin da nake wanki nan Talata Mafara. Shi ke amsar jakar baƙo da hannu biyu, shi ke kai masu son kallon dam, ya dawo da su da kifi a leda. Mutum ne mai dogon musabaha. In ya riƙe hannunka sai ya tambayi gida, ya tambayi gona, ya tambayi akuyar da ka manta kana da ita.

Sarkin Sabulu yake ce mani. In rana ta yi ban fito daga bayan gida ba, sai in gan shi da kwanon fura. "Sarkin Sabulu, aje mulkin nan ka sha, talakawanka ba su guduwa."

Da korona ta shigo, wani baƙo ya sauka wurinmu yana tari. Ya kwana, da safe ya kasa tashi. Kowa ya ja baya. Yaya Bello ya ɗauke shi a hannu kamar yaro ya sa shi mota. Daga baya anka ce baƙon ya rasu a Sakkwato. Ba wanda ya gaya mana abin da ya kashe shi.

Yaya ko zazzaɓi bai yi ba. Amma daga ranar ya fara tsoron hannunsa.

Anka rufe wurin aiki, ya koma gida. Ya daina ba mutane hannu. Ya daina sa hannu kwano ɗaya da ɗiyansa, sai a zuba mashi shi kaɗai, wani lokacin ya bari har ya huce a ɗauke. Wasu sunka ce zaman otal ya sa mashi girman kai. Wasu sunka ce iska ce, anka yi hayaƙi, anka ba shi rubutu. A ce mashi ina gajiya, ya ce ba gajiya, a wuce. Da anka buɗe gari munka koma aiki, shi bai dawo ba.

Ganina da shi na ƙarshe, na iske shi zaune gindin iccen bedi, ya rame, yatsunsa sun tsage don yawan wanke hannu. Ƙaramar ɗiyarsa ta sheƙo da gudu za ta faɗa jikinsa, ya yi sauri ya kai hannuwansa baya. Yarinyar ta tsaya tana kallonsa.

Ya ce, "Wanga hannu ya ɗauki mutum ya kai shi ga ajali. In na taɓa ta fa?"

Na ce, "Haba Yaya, ai abin ya wuce, kowa na musabaha."

Ya daɗe yana dubana, sannan ya yi ɗan murmushi. "To kai mi ya hana ka miƙo naka tun da ka zo?"

Ni na wanke zanen gadon baƙon nan. Shi kaɗai ya lura ni ma na daina miƙa hannu.

Ƙanensa ya ce jini ne ya hau, ga rashin ci, ga rashin barci. Ni dai na san abin da ya fara cinsa, don yana cikin ƙirjina. In na gaisa da mutum sai na nemi buta. Ɗan yayata in ya hau cinyata, zuciyata ta dinga bugawa har a ɗauke shi.

Yanzu zan hau mashin zuwa Tsibiri. Can akwai hannuwa masu yawa da ke jiran gaisuwar ta'aziyya, kuma wallahi tsoro nake ji. Kafin in fito na zaunar da Inna na gaya mata duka. Ba ta ce iska ba ce. Ta kama hannuna ta riƙe, ta ce in na dawo babban wana zai kai ni asibiti.

Allah Ya gafarta wa Yaya Bello, Ya sanyaya makwancinsa, Ya ba shi natsuwar da ya rasa a nan. Allah Ya raya abin da ya bari.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a. In da sauran wuri, a sa ni.