Ranar da Likita Ta Ce Inna Ta Kira Sunan Yaya

Jiya wani mai keke ya kaɗa ƙararrawa a ƙofar gidana, sai kawai na gan ni a wani ɗakin asibiti a Kaura, ina 'yar shekara tara.

Yayata ce ɗiyar fari a wurin Inna. Ta kai shekara sha uku ba ta taɓa takawa ba, ba ta taɓa cewa uffan ba. Wuni take kan tabarma a gindin darbejiya tana murza hannuwa kamar mai wanki. Kaka ke ba ta kunu, Kaka ke kiranta. Inna kuwa, kun dai san kunyar ɗan fari. Ba ta faɗin sunanta, ba ta kallonta a gaban mutane.

Shekarar da aka kawo Shari'a, bayan yankan gero, aka ce wata baƙuwar likita ta zo tana duba irin su Yaya. Ƙafar Kaka ta kumbura, dole Inna ta goya Yaya muka shiga motar mata daga Kasuwar Daji.

Likitar 'yar Kudu ce, Hausarta tsinci-tsinci. Ta ce ciwon a jini yake tun halitta, ba kasafai ake ganinsa ba, kuma ba shi da magani. Ita so take ta auna abin da Yaya ta sani. Ta kaɗa mata ƙararrawa ta dama, ta kaɗa ta hagu. Ta nuna mata madubi. Ta ɓoye jar ƙwallo a ƙarƙashin kofi. Yaya dai murzarta kawai take yi.

Can ta ce, "Mama, tsaya bayanta ki kira sunanta. Mu ga ko ta san ki."

Inna ta ja mayafi ta rufe baki. Na san dalili sarai, amma wa ya aike ni? Likita ta jira, ta jira, sannan ta ce, "To a gida, in kin kira tana juyowa?"

"A'a," in ji Inna.

Ta rubuta. Muka dawo gida. Ni dai ban ji komai ba, yunwa kawai nake ji.

Bayan 'yan kwanaki, da rana tsaka, kowa na masussuka, na dawo gida ɗaukar ƙwarya. Ina zaure na ji Inna ta faɗi sunan, a hankali. Na leƙa. Wallahi hannuwan nan sun tsaya cak, idon Yaya na kanta. Da jin yadda ta faɗe shi, ba ranar ta fara ba. Na koma ba ƙwarya.

Damina biyu bayan nan Yaya ta rasu. Yanzu ni ɗiyata ta fari da sunanta nake kwaɗa mata kira har maƙwabta su ji, ba mai cewa ba ni da kunya. Takardar da likitar nan ta rubuta tana cikin akwatina, na kuma iya Turanci. An rubuta Yaya ba ta gane mahaifiyarta.

Bara Inna na tsintar wake ta ce, "Wai mi likitar nan ta rubuta?"

Na ce, "Ta ce ta san ki."

Ta ce, "To." Ta ci gaba da tsintar wakenta.