Rakiyar Masu Dubiya

Har yau ban manta da safiyar da aka shigo da Baba Sabo sashenmu na wankin ƙoda ba, 'ya'yansa biyu sun tallabo shi. Lokacin ni ce babbar nas a sashen. Tsohon direba ne a tashar Kawo, kuma da ƙafarsa ya fara zuwa mana, yana tsokanar kowa. Ranar kuwa ko sikeli ya kasa hawa.

Ku sababbin ma'aikatan jinya ku riƙe wannan. Mai wankin ƙoda yakan zo sau biyu ko uku a mako, a jona shi da inji ya tace masa jini, ya koma gida a gajiye. In ya ƙara da kwanciya, ƙafafu su saki, daga nan sai gado. Likita ya duba zuciyar Baba da gwaje-gwajensa, ya ce bai ga abin da ya hana shi tafiya ba, in bincika gida.

Da aka ɗora shi a inji na ja kujera kusa da shi. Ashe tun da aka ji yana wankin ƙoda aka shimfiɗa masa katifa a falo, masu dubiya suna shiga suna fita. Buta kawo masa ake yi, salla a zaune, ya yunƙura a taso masa.

Na kira babban ɗansa, Nura, waje. Ya ce, "Sista, a Unguwar Kanawa kowa ya san mu. A ga Baba yana jan ƙafa a titi muna raye, me za a ce?"

Wallahi raina ya ɓaci. Na gaya masa ƙiri-ƙiri cewa biyayyarsu ce za ta nakasa tsohon. Ya sunkuyar da kai ya ce to. Na san irin wannan to ɗin, bakin maƙwabta ya fi masa maganar likita nauyi.

Da na koma, Baba ya ce ba ciwon ne ya fi damunsa ba. Abokansa na tasha su zo gaishe shi, su tashi, yana kwance yana bin su da ido. Shi da baƙo bai taɓa barin gidansa babu rakiya ba.

Nan na samu ƙofa. Wa zai zagi dattijo don ya raka baƙonsa? Da yardar likita muka tsara: ranar da ba wanki, in rana ta yi sanyi, ya taka wa masu dubiya zuwa ƙofar gida, in ya saba ya kai bakin layi. Nura ya bi gefensa, kada ya riƙe hannun da aka haɗa wa jijiya don jona shi da inji. In haki ko jiri ya zo, a zauna. Ruwan sha kuma kada ya wuce ƙa'ida.

Bayan 'yan watanni sai ga shi da sandarsa, ya hau sikeli da kansa, yana mita wai masu dubiya sun ɗauke ƙafa, sun ce ya warke. Na ce to yanzu wa yake rakawa?

"'Yata, ai yanzu ni nake zuwa dubiya."

Ƙodarsa ba ta warke ba, har gobe yana zuwa wanki. Amma tun daga kansa, in na ga majinyaci yana lalacewa ba dalili, ba na fara tambayar wa ya yi sakaci da shi. Nakan tambayi wa ya fi kowa sonsa a gidan, da shi nake fara zama.