Akwatin da Aka Ce Ba Ya Son Hannun Malam Buba

Cikin duk fitar da na yi a aikin nan, ranar da aka tura ni wani ƙauye a bayan Ɗanzomo ita ce ba ta fita a raina. Ku sababbi da kuke dariya idan na tsaya ina ƙura wa ayisi ido kamar mai karanta wasiƙa, ku saurara ku ji dalili.

Lokacin ina mataimakin shugaban sashen gyaran lantarki a Gumel, mu ne masu duba rijiyoyin burtsatse na sola har zuwa Gagarawa da Sule Tankarkar. Ga wanda bai san aikin ba, kowace rijiya tana da ɗan akwatin ƙarfe a jikin ƙafar tanki. A cikinsa akwai allo mai ayisi, wato 'yar baƙar aba mai ƙafafu da ke yanke shawara: idan ruwa ya yi ƙasa ta tayar da famfo, idan tanki ya cika ta kashe.

Bazara ta tsaya sosai, tafkuna sun ƙafe. Ogana, Injiniya Balarabe, ya kira ni ofis ya ce famfon ƙauyen yana mutuwa yana tashi ba dalili, kuma kwamitin rijiya ya kawo ƙarar mai riƙe da mukullin akwatin. Ya ce, "Suna so a karɓe mukullin a hannunsa yau. Na ce su jira ka gani da idonka."

Mai mukullin shi ne Malam Buba, dattijo makiyayi da ya daina bin shanu, jama'a suka ba shi amanar rijiyar. Na tarar da shi zaune nesa da tanki, ga shanu sun yi cirko-cirko a bakin komi babu ruwa. Shugaban kwamiti, Alhaji Sale, bai bari na sauke jaka ba ya fara bayani. Wai kullum famfo yana aiki lafiya, sai Malam Buba ya buɗe akwati ya sa hannu, sai ya tsaya cak. Wasu sun ce yana kashewa ne da gangan don shanun manoma su gaji su tafi, na danginsa su sha da yamma. Wasu kuma sun kai maganar inda ta fi haka muni, suna cewa hannunsa ne ba shi da kyau.

Na je na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, me kake yi a cikin akwatin?"

Ya ce, "Ɗana, gidan gizo nake sharewa, da ƙadangaru da ke shiga. Haka wanda ya kafa ya ce in riƙa yi. Wallahi ban taɓa jan ko waya ɗaya ba." Ya ba ni tausayi ƙwarai, don mutum ne da ya kai shekarun mahaifina.

Na buɗe akwatin. Dalmar da ke ƙafafun ayisi ɗaya sabuwa ce, tana ƙyalli. Da na tambaya, Alhaji Sale ya ce ai tsawa ta taɓa ƙone ta, suka kai allon wajen wani mai gyaran rediyo a Maigatari ranar kasuwa, ya sa musu sabuwa mai lamba iri ɗaya. Na duba. Sauran 'yan uwanta a allon duk 74LS ne, ita kuwa sabuwar 74HC00.

A nan nake so ku buɗe kunne. Mu a nan mun saba sayen ayisi da lambar farko da ta ƙarshe. Ka ce wa mai shago saba'in da huɗu sifili sifili, ya miƙo maka wadda ke kusa da hannunsa, ya ce duk ɗaya ne. Haruffan tsakiya ba wanda yake kallo, alhali su ne sunan gidansu. 'Yan gidan LS tsofaffin hannu ne, suna shan wuta da yawa, kuma bolt biyar suke so ba ƙari ba ragi. Amma idan ka bar musu ƙafar shiga a sake ba ka haɗa ta da komai ba, sai su ɗauka a kunne take, su ci gaba da aiki. 'Yan gidan HC ba sa shan wuta, shi ya sa nake son su a aikin sola, sai dai ƙafarsu ba ta zama a sake. Duk abin da ya gifta kusa sai ta ji shi, har wutar da ke jikin mutum a lokacin rani. Akwai kuma gidan 4000, masu nawa ne amma suna jure batir mai bolt goma sha biyu kai tsaye. Da ni na zana allon tun farko, su zan ɗauka.

Wanda ya zana allon ya bar ƙafafu a sake saboda ya san LS za ta yi haƙuri. Mai gyaran rediyo ya sa HC saboda ƙafafunsu sun zo daidai. Kowa ya yi abin da ya saba, Malam Buba ya kwashi laifin.

Kafasitocin allon ma, masu tara wuta suna daidaita ta, ba su taimaka ba. Babbar mai kama da 'yar gwangwani ta kumbura a ka, don an sa mai jure zafi digiri tamanin da biyar a cikin akwatin da rana ke gasawa kamar tanda. Irin wannan wuri mai ɗari da biyar ake sawa, kuma bolt ɗinta ya ninka na layin, a lura da ƙafar nagatif kada a juya ta. 'Yar ƙaramar kuma, mai kamar ƙwayar wake da aka rubuta 104 a jikinta, wadda ya kamata ta zauna dab da kowace ayisi tana tace hargitsin wutar da famfo ke jawowa, an cire ta wajen gyara ba a mayar ba. Na san dalili, don har a sashenmu akwai masu cewa ado ce.

Zan iya gyarawa in tafi. Amma na ga idan na yi haka, famfo ne kawai zai warke. Sai na tayar da shi, ruwa ya fara zuba, na ce, "Alhaji, don Allah matso da hannunka nan, kada ka taɓa komai."

Ya miƙa hannu. Kafin yatsunsa su kai allon, famfo ya tsaya. Sai wata tsohuwa mai ɗauke da jarka ta ce, "Af, Alhaji, ashe kai ma!" Aka fashe da dariya. Na sake tayar da famfo, na sa limamin ƙauyen ya gwada, na gwada da kaina, duk haka.

Daga nan na ɗora dalma a wuta. Na haɗa sakakkun ƙafafun da layin bolt biyar, na canza babbar kafasita, na liƙa ƙaramar a gurbinta. Aikin bai kai shan shayi ba. Na kira Malam Buba ya zo ya share akwatinsa. Da farko ya ƙi tasowa, sai da Alhaji Sale ya je da kansa ya ce, "Malam, ka yafe mana, mun ɗauki alhakinka." Ya zo ya sa hannu yana kallon bututun, ruwa bai ko yi tari ba.

Da na koma na gaya wa oga, ya sa aka bi sauran rijiyoyin ana duba haruffan tsakiya. Abin da na koya shi ne, a aikinmu idan na'ura ta rikice, ba allo mutane suke tuhuma ba, wanda ya fi kusa da ita suke kamawa. Shi ya sa ba na barin kowa a sashen nan ya ce min duk ɗaya ne.

Malam Buba bai mayar da mukullin aljihu ba ran nan. Ya nemi zare ya rataye shi a wuya, a saman riga, ya koma bakin komi yana jera shanu.