Auta Ya Bar Gawayi

Ƙanena Auta ya yi sana'ar guga tun yana saurayi har furfura ta cika masa gemu. Rumfarsa tana bakin titi, tsakanin shagon mai aski da na tela. Ba komai a ciki sai teburi mai faɗi da tsohon bargo a shimfiɗe, kwanon ruwan yayyafi, da dutsen guga na gawayi wanda ni ban iya ɗaga shi da hannu ɗaya. Da wannan dutsen ya yi aure, da shi ya aurar da 'ya'yansa, da shi yake riƙe matarsa mai ciwon ƙafa. Fiye da rabin aikinsa daga tela yake zuwa, don duk ɗinkin da aka gama sai ya bi ta teburin Auta kafin mai shi ya karɓa.

Tun yana ƙarami yana da wani hali da nake yi masa faɗa a kai. In abu ya fashe a gida, shi ne zai fara ba da haƙuri, ko da ba ya nan aka fasa.

Daminar bara waccan ruwa ya shigo unguwarsu ya rushe katangar gidansa da ɗaki guda. Shi da matarsa suka dawo wurina. Mutanen gwamnati sun zo da takalman roba har gwiwa, suka ɗauki hoto a gaban ɓaraguzan, suka ce za a faɗaɗa magudanar ruwa kafin wata damina. Magudanar tana nan yadda suka bar ta, sai dai ciyawa ta ƙara tsawo a ciki.

A ɗakina ya ji wani shiri a rediyo. Wani jami'i ne yake bayani cewa hayaƙin da mutane ke fitarwa shi ke ɗumama duniya, shi ke kawo irin wannan ambaliya, kuma kowa da nasa alhakin, musamman masu ƙona gawayi da itace. Na ga Auta ya ajiye cokalinsa. Ya tambaye ni ko gaskiya ne. Na ce gaskiya ne, amma ya tuna ofishin da mai maganar yake zaune janaretansa ya fi ɗakina girma, kuma ba ya hutawa daga safe zuwa yamma.

"Yaya, nasu daban, nawa daban," in ji shi. "Ni dai na san buhunan da na ƙona."

Na ce masa ko zai yi shekara ɗari yana guga, hayaƙinsa ba zai kai na mako ɗaya a babban titi ba. Bai yi musu ba. Bai kuma ji ba. Ya sayar da dutsen gawayin ga masu sayen tsohon ƙarfe, ya sayo na lantarki, ya sa aka jawo masa waya zuwa rumfa.

Mai aski ya samu abin tsokana. In Auta ya iso da safe sai ya leƙo ya ce a ba mai gyaran duniya hanya, ko ya tambaye shi yau da wane lokaci ya shirya mana ruwan sama. Auta dariya kawai yake yi. Tela kuwa bai yi dariya ba. Ya ce shi ba ruwansa da abin da ke cikin dutse, gawayi ne ko wuta, kaya dai su fito a kan lokaci.

Ba su riƙa fitowa a kan lokaci ba. Wuta a titin nan sai ta ga dama take zuwa. Auta kan zauna a kan benci da kaya jibge a gabansa, idonsa a kan ƙwan fitila. In an kawo, ya tashi da sauri kamar wanda ake kora; kafin ya gama riga uku an ɗauke. Masu kaya suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya. Sabon dutsen kuma ba shi da nauyi, sai ya danna da ƙarfin kafaɗa, ya dawo gida yana neman mai shafa masa man zafi.

Akwai wata dabara da ya saba da ita tun zamanin gawayi. In garwashi ya mutu, dutsen ya huce, yakan ɗora shi a kan kayan da ya ninke don nauyinsa ya kwantar da karin, ya tafi harkarsa. Dutsen gawayi in ya mutu ya mutu, ba ya tashi sai an hura shi. Hannun Auta ya yi wannan aikin sau dubbai, ba ya ma tunani a kai.

Ran nan tela ya kawo masa ɗinkin wani gida, fararen kaya masu tsada da za a karɓa da yamma. Yana cikin yi aka ɗauke wuta. Ya jira har dutsen ya yi sanyi, ya ɗora shi a kan ninkakkun kayan, ya tafi ɗebo ruwa bayan shaguna. Bai zare waya ba. Yana can aka kawo wuta.

Mai aski ne ya ji ƙauri ya fito da gudu, da almakashi a hannu. Kafin ya fizge wayar, dutsen ya huda riga ta sama ya ci ta ƙasa, ya bar baƙin tambarinsa har kan bargo.

Tela bai ɗaga murya ba. Ya ɗaga rigunan yana dubawa ta cikin hudar, sannan ya ce, "Baba Auta, ka ceci duniya, ni ka kashe ni." Tun daga ranar wani mai guga a layin baya yake kai wa aikinsa.

Na ce wa Auta ya nemo wani dutsen gawayin ya koma abin da ya iya, tun rumfar ba ta mutu gaba ɗaya ba. Ya ce ya riga ya ji abin da ya ji, ba zai iya hura gawayi da hankali kwance ba. Na ce to da wane hankalin zai kalli matarsa tana wankau da ƙafa a kumbure? Don ta fara karɓar wankin maƙwabta a tsakar gidana, a zaune a kan kujera, tana jan bokiti da ƙyar. Ya sunkuyar da kai ya ba ni haƙuri. Na ce ya riƙe haƙurinsa, ba ni ya yi wa laifi ba.

Mai aski, duk da bakinsa, shi ya tausaya masa. Ya ba shi layin wuta daga ƙaramin janaretansa, don 'yan kayan da suka rage su riƙa fita. Janaretan yana bayan rumfar, bututunsa yana kallon ƙafafun Auta.

Na bi ta wurin makon jiya. Yana guga a cikin shuɗin hayaƙi, yana tari, idanunsa ja. Sai da ya matso kusa da kunnena saboda ƙarar injin.

"Yaya, ke da kika yi makaranta, tsakanin wannan da gawayi wanne ya fi ɓarna?"

Na ce ban sani ba, kuma wanda ya yi maganar a rediyo ba zai zo ya gaya masa ba. Ya gyaɗa kai, ya yayyafa ruwa a kan rigar da ke gabansa. Ita kaɗai ce a kan teburin.