Labulen da Na Ja wa Lubbert

Ƙanena Lubbert Veenhof mai zanen littattafan yara ne, kuma duk garin Kampen ban san wanda ya kai shi taurin kai ba. Ni na raine shi bayan rasuwar iyayenmu, saboda haka ina da bakin faɗa. Kafin yaƙi zomaye yake zanawa. Da Jamusawa suka mamaye mu, sai zomayen suka fara gamuwa da aladu masu takalman soja, kowane alade da fuskar wani da muka sani. A ɓoye ake buga zanen, ya bi hannu-hannu har ya dawo layinmu. Wanda aka kama da shi kuwa, sai dai wani ba shi ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne inda yake aikin. Teburinsa na jikin tagar falo, labule a buɗe, jama'a na wucewa.

"Lubbert, so kake a harbe ka? Koma ɗakin sama mana!"

"Yaya, sama ba haske. Kuma wa zai tsaya leƙen gidan da labulensa ke buɗe? Kunya ma ba za ta bar shi ba."

"Ranar da suka zo, sai ka yi musu bayanin haske."

"Sai in ce su tsaya cak, kada su motsa, in zana su."

Shekara biyu muna wannan. Abin haushin, gaskiyarsa ce. Kowa ya zo wucewa sai ya ɗaga masa hula ya kau da kai.

Wata ranar Talata, cikin kakar 1943, yana zana Reinier, ɗan maƙwabciyarmu Uwargida Stolk, wanda ya shiga yi wa Jamusawa aikin ɗan sanda. Alade ne, amma kunnuwan ko makaho ya shafa ya san na Reinier ne. Sai ga Reinier ɗin a kan keke, ya wuce tagarmu, ya sake dawowa. Lubbert ya hau sama ɗauko tawada, ni kuwa na ja labule na rufe ruf. Ni da aka haifa a layin nan, na manta ba a rufe labule da rana sai an yi rasuwa.

Ko ruwan shayi bai tafasa ba, sai ga Uwargida Stolk ta faɗo ba ƙwanƙwasa ƙofa, da baƙin mayafi, tana share ido.

"Wayyo Jantina, wa muka rasa? Lubbert ne ko? Dama tarin nan nasa bai yi mini ba."

Mamacin ya sauko da kwalbar tawada a hannu. Ta dube shi, ta dubi zanen aladen da ke kan teburin, ta daɗe tana duba.

"Kunnen ubansa ne," in ji ta, ta fita.

Ranar Juma'a Jamusawa suka zo suka tafi da Lubbert.

Wata ashirin ya yi a sansaninsu. Ni kuma ina nan ina tanadin amsar da zan ba shi in ya ɗora mini laifi, don na san laifina ne, kuma abin na cina kamar tsatsa. Ya dawo bayan yaƙi kamar kara, yatsu biyu na hannun damansa ba sa lanƙwasuwa. Bai sake riƙe alƙalamin zane yadda ya kamata ba har ya mutu.

Ranar da ya shigo, na tsaya ina jira. Ya zage ni mana, ko kalma ɗaya, in samu sauƙi! Sai ya ja kujerarsa jikin taga, ya shafa gilashin da yatsa.

"Yaya, kin bar tagar nan ta yi ƙura. Ba haske."

Shekara talatin muka ƙara yi a gida ɗaya, bai taɓa ambaton labulen ba. Wannan ne ban yafe masa ba.