Sunan da Jaratu Ta Ƙi Faɗa wa Likita

Duk wanda ya ci tsire a unguwar Briqueterie ta Yawunde a ƙarshen zamanin shugaba Ahidjo ya ɗanɗana hannun Jaratu, ko ya sani ko bai sani ba. Ba ta taɓa tsayawa gaban tukuba ba, amma ita ke haɗa wa mahautan unguwar yaji. Da sassafe take gangarawa kasuwar Mokolo ta zaɓo citta da kimba da masoro da kanumfari, ta shinshina wannan, ta ciji wancan, ta mayar wa mai kaya abinsa in bai yi mata ba. Ƙuli-ƙuli kuwa da kanta take toyawa. Kowane mahauci da irin haɗinsa: Sule yana son zafi har ya sa mutum hawaye, Lado kuma yawancin masu sayen tsirensa ma'aikatan ofis ne, sai a rage barkono a ƙara citta. Duk wannan a kanta yake, ba ta taɓa rubuta ko ɗaya ba.

A Yawunde aka haife ta, mahaifinta bafatake ne da ya zo daga wajen Kano ya zauna. Mijinta Malam Hamadu tela ya daɗe da rasuwa, ya bar ta da 'ya'ya biyu: Alim, ɗan farinta, akawu a wani ofishin gwamnati, da Dije da ke aure a unguwar Messa. Mace ce mai kaifin baki, ba ta ɗaukar raini ko daga wa. Buri ɗaya gare ta a duniya, ta ga Ka'aba da idonta. Shekara goma sha takwas tana daka saboda wannan, ita da aminiyarta Zinariya mai sayar da atamfa, har shekarar da suka kai sunayensu wurin mutumin da ke shirya wa maniyyatan unguwa kujera.

Sai kuma, wata safiya cikin Rajab, taɓarya ta suɓuce daga hannunta na hagu. Ta sunkuya za ta ɗauka, ƙasa ta taso ta tare ta. Kafin maƙwabta su gama musu kan iska ce ta buge ta ko jifa aka yi mata, Alim ya iso, ya ga bakin ya karkace, ya sa ta a taksi sai asibiti. Mako uku ta yi a kwance. Allah ya taimaka abin ya zo da sauƙi: baki ya koma daidai, magana ta dawo tas, saura ɗan jan ƙafa da hannun da ba ya iya taɓarya. Ta sa matan gidan su daka, ita tana auna kayan da hannun dama tana yi musu faɗa, yaji ya ci gaba da fita yadda aka san shi.

Amma mai shirya kujera ya ce shi kam ba zai ɗauki wadda ta taɓa faɗuwa ba sai da takardar likita. Jaratu ta ce wannan ai ba abin faɗa ba ne, a je.

Likitan matashi ne, bai daɗe da dawowa daga karatu a Faransa ba, ba ya jin Hausa ko kaɗan, Alim ne tafinta. Ya ɗaga hoton kanta da aka ɗauka ya duba a jikin taga, ya yi wani dogon bayani.

"Me yake cewa?" in ji ta.

"Ya ce wannan hoton ƙashi kaɗai yake nunawa, Inna. A Turai an yi sabuwar na'ura mai ganin ƙwaƙwalwa daga ciki, amma mu nan ba mu da ita. Don haka tambayoyi zai yi miki ya ga yadda kan yake."

"To ya yi mana. Ai ba bashi na ci ba."

Ya tambaye ta inda take, ta faɗa. Ya tambayi sunan shugaban ƙasa, ta ce wa bai san wannan ba, mutumin da hotonsa ke jikin zanen mata. Ya tambayi kwanan wata, ta ce Talata ce, sha biyu ga Sha'aban. Likita ya ɗan yamutsa fuska, shi watan Turawa yake nema. Ya tambayi shekarunta, ta ce ita dai an ce shekarar da Jamusawa suka bar garin aka haife ta, ya lissafa da kansa tunda shi ne mai alƙalami. Har zuwa nan ranta fari tas, a ganinta ma ita ke cin nasara.

Daga nan ya nuna Alim da alƙalami.

"Ya ce wane ne wannan."

"Wan Dije ne."

"Ya ce… sunansa yake so."

Jaratu ta dubi ƙasa. Shekara arba'in da ɗaya ke nan da ta haifi yaron nan, sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. Ba ta ɗauke shi a gaban mutane ba yana jariri, kakarsa ce ta goya shi. In tana nemansa "kai" take cewa, in tana zancensa "wan Dije". Haka uwarta ta yi da nata ɗan farin, haka duk matar kirki da ta sani take yi. Yau kuma wani yaro da bai ma kai ɗanta ba zai zaunar da ita ya ce ta faɗa, a gaban mai sunan! Ta ja mayafi ta rufe baki.

Likita ya jira. Ya sake tambaya a hankali, kamar mai lallashin yaro. Da ya ga shiru sai ya ce to ta faɗi sunan mijinta.

"Malam," in ji ta.

"Ya ce Malam wa?"

Nan ma shiru. Ta saci kallon ɗanta tana jira ya yi wa mutumin bayani, don ba wani abu ba ne mai wuya, kalma goma ta isa. Alim ya buɗe baki, ya fara da Faransanci, ya tsaya. Ba ta jin harshen, amma ta san fuskar ɗanta. Ta ga kunya, irin ta ɗan boko da ba ya son a ce uwarsa baƙauya ce. A ƙarƙashin kunyar kuma ta ga abin da ya fi ci mata rai: sauƙi ne ya zo masa. Tun ranar da ya ɗauke ta daga ƙasa yake tsoron rana da cunkoson Makka, bai dai iya faɗa mata ba. Likita ya yi rubutu mai tsawo a littafin asibitinta, ya rufe, ya miƙa wa Alim.

Suka ɗauki taksi suka koma. Sai da suka shiga gida ta juyo gare shi.

"Me ya rubuta?"

"Ya ce ki huta tukuna. Baɗi in Allah ya kai mu."

"Ba abin da ya ce na tambaye ka ba. Me ya rubuta?"

Ya sunkuyar da kai. "Wai ba ki tuna sunayen na kusa da ke. Wai ciwon ya taɓa tunani."

"Kai kuma kana zaune."

"Inna, ki yi haƙuri. Ni tsoro nake ji kada ki tafi ki…"

"In mutu a can? To ina ya fi can? Ka koma gobe ka gaya masa gaskiya."

Ya ce zai koma. Gobe ta zama jibi, jibi ta zama aiki ya yi yawa a ofis. Da ta gaji ta aika aka kira Dije, suka tafi tare. Tun hantsi suke kan benci har la'asar, sannan wata ma'aikaciya ta leƙo ta ce dokta ya tafi hutu, sai bayan wata biyu. Suka roƙa a haɗa su da wani, aka ce wanda ya fara shi zai ƙarasa. Jaratu ta tsaya a ƙofar asibitin cike da takaici. A daren ma ba ta ci abinci ba. Washegari ta rufe ɗaki ta gwada faɗin sunan ita kaɗai, ko da za a sake zama, amma harshen ya ƙi, ta ji kamar za ta tuɓe a kasuwa. Kafin likita ya dawo an rufe karɓar sunaye.

Magana kuwa ba ta kwana a Briqueterie. Mai shirya kujera ya gaya wa matarsa, matar ta gaya wa mai kitso, kafin azumi kowa ya ji likitan Turai ya ce kan Jaratu ya taɓu. Mata suka fara yi mata magana da ƙarfi, kalma ɗaya ɗaya, kamar kurma. Wata ta zo gaisuwa ta ce, "Inna, kin gane ni?" Jaratu ta ce ta gane ta sarai, ta kuma gane uwarta da kakarta da abin da ya raba auren kakar, in tana son ji. Matar ta fita tana girgiza kai tana cewa lallai abin ya yi nisa. Sule, wanda ya shekara goma sha biyar yana karɓar yaji ido rufe, ya fara tsoma yatsa yana ɗanɗanawa a gabanta. Lado kuwa ya koma saye wurin wata a unguwar Madagascar. Duk abin da ta yi sai ya zama shaida a kanta: in ta yi faɗa a ce ciwon ne, in ta yi shiru a ce ciwon ne.

Zinariya ta tafi ita kaɗai. Ranar da motar maniyyata ta tashi zuwa filin jirgi, Jaratu ta zauna a bakin turmi tana tsince kimba, ba ta fita rakiya ba. Da Zinariya ta dawo da haƙorin Makka tana walƙiya, ta kawo mata zamzam da dabino da carbi. Ta karɓa ta yi godiya, ta sa albarka, bayan baƙuwar ta fita ta yi kukan da ba ta yi ba tun rasuwar Malam. Alim kuwa ta daina ɗaga ido ta dube shi. Yana zuwa gaisuwa kullum, ta amsa a taƙaice, ya tashi ya tafi.

Abin haushin shi ne, ciwon da aka laƙa mata bai zo ba sai da kowa ya gaji da zancensa. Bayan babbar salla da 'yan watanni ta sake yin wani jiri a banɗaki, ɗan kaɗan, ba ta gaya wa kowa ba don kada a ce ga shi nan. Daga nan abubuwa suka fara zamewa. Ta riƙe masoro a tafin hannu ta rasa me ake ce masa. Ta zuba gishiri sau biyu a haɗin Sule, ta ce matan gidan ne. Wata rana ta fito daga Mokolo ta tsaya a mararraba, hanyar da ta bi shekara arba'in, ta rasa wadda za ta ɗauka, sai da wani mai amalanke ya nuna mata. Ta ɓoye wannan duka da iyakar wayonta, kuma wayon nata ba kaɗan ba ne. Mutane har suka fara cewa ai Jaratu ta warke, ta yi laushi, ta daina faɗa.

Shi kuwa Alim shekarar nan bai zauna ba. Abin da ya yi ya hana shi sakat. Ya nemo wani likita ɗan arewa, ya faɗa masa gaskiyar abin da ya faru, mutumin ya yi dariya har da dafe ciki, ya ce a kawo takardar kawai ya sa hannu. Ya ga mai shirya kujera, ya yi mata fasfo, ya kai nasa sunan ma don ya raka ta. Bai gaya mata komai ba sai da ya tabbata.

Ranar wata Juma'a bayan masallaci ya shigo da takardun a hannu. Tsakar gida cike take, Dije ta zo, Zinariya na nan, matan gidan wasu na shanya barkono, wasu na daka. Jaratu na zaune kan tabarma tana kallon hannuwanta. Ta ɗaga kai ta ga mutum tsaye cikin farar riga, fuskarsa ta yi mata daɗin gani ƙwarai, ta ji wani farin ciki ya taso mata da ba ta san dalilinsa ba. Ya durƙusa a gabanta.

"Inna, an samu. Bana za mu tafi, ni da ke."

Ta yi murmushi, ta miƙa hannu ta shafa kansa a gaban kowa.

"Alim," ta ce da ƙarfi. "Alim, ina ka shiga tun safe? Ka ci abinci kuwa?"

Taɓarya ta tsaya. Dije ta toshe baki da hannu biyu. Jaratu ta duba ta ga duk an zuba mata ido, ta rasa laifin da ta yi. Ɗanta kawai ta kira. Ga shi kuma ya kifa fuska a kan gwiwarta, ƙato da shi, kafaɗunsa suna rawa, takardun sun zube a tabarma.

"Wa ya taɓa min shi?" ta tambayi matan. "Alim, yi shiru. Ina ka ce za mu?"